Kyamarar Fim Ko Ta Dijital: Wacce Ta Cancanci Kuɗinka?

Wajen shekarar 2005 kusan kowa ya ɗauka kyamarar fim ta gama yayi. A shekarar ce kamfanin da ke yin fim ɗin Agfa ya durƙushe, Konica Minolta ya tattara ya bar harkar kyamara a 2006, shi kansa Kodak ya je kotu neman kariyar fatara a watan Janairun 2012. Sai ga abin da aka yi wa zaman makoki ya ɗago kai. Kodak ya dawo da fim ɗin Ektachrome a 2018, Leica ya sake ƙera kyamararsa ta fim M6 a 2022, Pentax kuma ya fito da sabuwar kyamarar fim fil, Pentax 17, a 2024. Matasan Turai da Japan da Amurka suna wawason tsofaffin kyamarorin da iyayensu suka jefa sito, har farashin wasunsu ya yi tashin gwauron zabi. Iskar ta fara kaɗowa nan wajenmu ta Instagram, don haka wanda ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi kyamara yana iya tsayawa yana wasiwasi.

Gara in faɗi matsayina tun da wuri. In sana'a za ka yi da hoto, ko kuwa kyamara ɗaya tak aljihunka zai ɗauka, sayi ta dijital. Fim na mai kyamara ta biyu ne, shi ma sai ya cika wani sharaɗi da zan zo kansa. Sai dai ba na so ka karɓa don kawai na faɗa, domin akwai wuraren da har yau fim ke kayar da dijital, kuma wasunsu sun shafi rana irin tamu da tufafi irin namu.

Gangar jikin duka biyun ɗaya ce: akwati mai duhu, gilashi a gaba, da labule da ke buɗewa ya rufe cikin ƙiftawar ido. Wannan ilimi ya girmi hoto da ƙarnoni. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira kimanin shekara dubu da suka wuce, ya bayyana yadda hasken da ya ratsa ƙaramar huda zuwa ɗaki mai duhu ke zana surar abin da ke waje a jikin bango, ƙafa sama kai ƙasa. Abin da ya daɗe yana gagara shi ne a kama surar ta zauna. Wajen 1826 wani Bafaranshe, Nicéphore Niépce, ya shafa wani irin kwalta a farantin ƙarfe ya ajiye a tagar gidansa, haske ya yi awanni yana aiki a kai kafin rufin gidaje ya fito dishi-dishi. A 1839 gwamnatin Faransa ta saye fasahar Louis Daguerre ta sakar wa jama'a, amma hotonsa kwaya ɗaya ne, ba a iya ƙara shi. Henry Fox Talbot na Ingila ne ya zo da nagetif, wanda daga shi za ka buga kwafi nawa kake so.

Wanda ya mai da hoto abin talaka shi ne George Eastman. A 1888 ya fito da Kodak ta farko a kan dala 25, da fim mai cin hoto 100 a cikinta. In ka ƙarar sai ka aika da kyamarar ɗungurungum zuwa masana'anta a Rochester, ka biya dala 10, a wanke, a sake ɗura mata fim, a dawo maka da ita. A 1900 Brownie ta fito a kan dala ɗaya. Ka riƙe wannan dabara da kyau: kyamara da araha, riba tana kan fim da wanki. Ba ta canza ba har yau, kuma a kanta lissafinka zai tsaya. Daga baya Oskar Barnack ya ɗauki fim ɗin silima mai faɗin milimita 35 ya ƙera masa ƙaramar kyamara, Leica, wadda ta shiga kasuwa a 1925. Girman hotonta, milimita 24 da 36, shi ne ma'aunin da ake gwada sensar dijital, wato ɓangaren da ke kama haske a madadin fim, da shi har gobe. Kodachrome ya kawo launi mai inganci a 1935, Nikon F ta fito a 1959, daga nan Japanawa suka karɓe kasuwar.

Shi fim leda ce siririya da aka shafa wa jalatin, wani abu mai danƙo da ake tatsa daga ƙasusuwa da fatun dabbobi, a cikinsa kuma ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa ne barbaje. Duk ƙwayar da haske ya taɓa sai ya bar mata tabon da ido ba ya gani. Ruwan magani na farko yana mai da waɗannan ƙwayoyi baƙar azurfa, na biyu ya wanke waɗanda haske bai taɓa ba don kada su ci gaba da baƙi. Shi ya sa a nagetif farar riga ke fitowa baƙa, baƙar fuska ta fito fara. Fim mai launi kuwa hawa-hawa ne, wani na jin shuɗi, wani kore, wani ja. Da zarar ka danna, hoton ya zauna a jikin abu da za ka riƙe a hannu, amma ba za ka gan shi ba sai an wanke.

Abin dariya da ban tausayi a tarihin dijital shi ne a gidan Kodak aka haife ta. Willard Boyle da George Smith sun ƙirƙiro sensar CCD a Bell Labs a 1969, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2009. A 1975 wani matashin injiniya na Kodak, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamara da irin wannan sensa. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo 10,000 kacal, kuma tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset. Manyan kamfanin ba su yi rawar jiki a kai ba, tunda a fim suke cin abinci. Wani ma'aikacinsu kuma, Bryce Bayer, shi ya warware matsalar launi, aka ba shi lasisin mallakar fasahar a 1976. Ita sensa ba ta ganin launi, yawan haske kawai take aunawa. Sai ya sa aka rufe kowane ɗigo da matacin launi ɗaya: rabinsu kore, kwata ja, kwata shuɗi. Sauran launuka biyun da kowane ɗigo bai gani ba, kwamfutar da ke cikin kyamara ce ke ƙiyasta su daga maƙwabta. Galibin kyamarori da wayoyin da ke hannunmu a kan wannan tsari suke.

Daga nan abin ya yi gudu. Kodak DCS ta 1991 tana da megafiksal 1.3, wato ɗigo miliyan 1.3, an gina ta a jikin Nikon F3, ma'ajiyarta kuma akwati ce daban da ake ratayawa a kafaɗa. Casio QV-10 ta 1995 ta zo da ɗan allo a baya, gani ya kori ji. Nikon D1 ta 1999 ta janye 'yan jarida, Canon 300D ta 2003 ta sauko ƙasa da dala dubu ta janye sauran jama'a. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarorin dijital kimanin miliyan 121. Waya ta zo ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori, shekara goma bayan haka adadin ya faɗi ƙasa da miliyan 10. Akwai kuma sauyi na biyu da ya fi shafar aljihunka. Panasonic ya fara fitar da kyamara marar madubi a 2008, wato wadda aka cire mata madubin ciki da ke karkatar da haske zuwa inda mai hoto ke leƙawa, Sony ya fito da A7 a 2013, Canon da Nikon suka shigo da ƙarfinsu a 2018. Ƙwararru a waje suna ta komawa marar madubi suna sayar da tsofaffinsu masu madubi, irin waɗanda ake kira DSLR. Su ne suka cika kasuwar kayan hannu, kuma hotonsu bai ragu da komai ba don sabuwa ta fito.

Maganar kuɗi ita ce ta fi ruɗar mutane. Za ka ga tsohuwar kyamarar fim mai ƙarfe, kyakkyawa, a farashin da bai kai na dijital ba, ka ce ka tsinci dami a kala. Kyamarar fim doki ce: sayensa ba shi ne wahala ba, harawa da dusar kullum su ne. Naɗi ɗaya na fim yana cin hoto 24 ko 36. Kowane naɗi sai ka saya, ka biya wanki, ka biya sikanin ko bugawa, in babu mai wanki a garinku ka ƙara kuɗin mota zuwa da dawowa. Fim ɗin nan kuma ba a yin sa a Najeriya ko Nijar, daga waje yake zuwa, don haka duk lokacin da dala ta motsa shi ma ya motsa. Ɗauki biki guda da za a buƙaci hoto 500 tsakanin kamu da ɗaurin aure da walima. Naɗi 14 ke nan. Tambayi farashin naɗi ɗaya da wankinsa a yau, ka ninka sau 14, ka gani ko akwai angon da zai biya. Ita dijital tsadarta a ranar saye take. Bayan nan hoto na ɗaya da na dubu goma kusan kuɗinsu ɗaya, ban da batir da katin mamori da wurin ajiya. Pentax 17 ta yi ƙoƙarin rage zafin ta hanyar raba kowane gurbi biyu, naɗi mai 36 ya ba da 72, amma kowane hoto ya zama rabin girma.

Yanzu ga sharaɗin da na ambata: kada ka sayi kyamarar fim sai ka san takamaimai wanda zai wanke maka. A da kowane babban gari na da wuraren wankin hoto masu injin Fuji ko Konica ko Agfa, mai hoto ya ɗauka ranar Asabar ya dawo da ambulan bayan kwana biyu. Galibinsu yau daga kati ko waya kawai suke bugawa, injin wanke nagetif ya daɗe da tafiya. In an ce maka wani wuri na yi, je da ƙafarka ka tambaya yaushe rabon da su wanke fim, domin ruwan maganin da ya daɗe a ajiye yana mutuwa, kuma nagetif ɗin da aka ɓata ba ya gyaruwa.

Kana iya wankewa da kanka, musamman baƙi da fari, kuma ba sai da ɗakin duhu ba. Baƙar jaka mai hannuwa biyu ta isa. Ka zura hannuwanka ciki, ka ɓalle gwangwanin fim da lalube, ka naɗe shi a kan ƙaramin faifai, ka jefa cikin tankin da bai fi kofin shayi biyu ba, ka rufe, sauran aikin a cikin haske ne. A nan yanayinmu ke shigowa. Lokutan da aka rubuta a jikin magungunan baƙi da fari an auna su ne a kan digiri 20. Ruwan da ya kwana a tankin saman rufi a Kano ko Zinder cikin watan Afrilu ya wuce haka nesa, sai ka nemi ƙanƙara da ma'aunin zafi kana sanyaya shi, in ba haka ba maganin ya yi sauri, hoton ya yi tsaki-tsaki, jalatin ya yi laushi ya karce. Wankin fim mai launi, wanda ake kira C-41, shi kuma digiri 37.8 yake so na minti uku da daƙiƙa 15, zafin da ba wuyar samu a wajenmu, sai dai ba ya yafe kuskure ko kaɗan. Sai shanya. Jiƙaƙƙen fim a lokacin hunturu duk ƙurar da ta sauka a kansa ta zauna ke nan. Masu yi sukan watsa ruwa a banɗaki ƙura ta kwanta, su rataye shi ciki su rufe ƙofa. Ruwan magani na biyu kuma yana ɗauke da azurfa bayan an yi aiki da shi, kada a zubar kusa da rijiya. In wannan bayani ya ba ka sha'awa, kai ne mutumin fim. In ya gajiyar da kai tun a karatu, ka samu amsarka.

Inda fim ke da bakin magana shi ne tsakar rana. Ka ɗauki dattijo baƙi cikin farar babbar riga da farin rawani a filin idi da hantsi. Tsakanin hasken rigar da inuwar da ke ƙarƙashin rawanin akwai tazara mai yawa. Sensa tana da iyaka: ɗigon da ya cika ya cika, sai ya ba da fari fat, aikin zare da ke wuyan rigar ya ɓace, kuma babu manhajar da za ta dawo da shi. Fim ɗin nagetif mai launi, irin su Portra 400 ko Kodak Gold, yana shanye haske a hankali. Ko ka ba shi ninki huɗu na abin da ya kamata, yawanci zaren yana nan. Rauninsa a inuwa yake, in haske ya yi masa kaɗan fuskar sai ta yi toka-toka. Dijital akasin haka take, ba ta jure yawan haske amma tana ɓoye abu da yawa a inuwa. Saboda haka mai dijital da ya san aikinsa yakan auna haske a kan rigar, ya ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen bayanin sensa, maimakon JPEG da kyamara ta riga ta gyara ta matse, ya ɗago fuskar a kwamfuta. Da kyamarorin shekara goman nan sakamakon yana da kyau ƙwarai, tazarar da ke tsakaninsu da fim ta ragu sosai. Amma aiki ne na zama gaban allo, fim kuwa da kansa yake yi. Wannan yabo bai haɗa da fim ɗin silaid irin Velvia ba, wato wanda hotonsa ke fitowa kai tsaye ba a nagetif ba, shi ya fi dijital ma saurin ƙonewa.

Masu cewa launin fim shi ne na gaskiya su ɗan yi hattara. Shekaru da dama wuraren wanki suna saita injinansu da wani kati na Kodak da ake kira Shirley, mai hoton Baturiya, kuma a kan irin fatarta aka daidaita launi. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu fata daban-daban. Wannan na cikin dalilan da suka sa a tsofaffin hotuna masu launi za ka ga fuskar baƙin mutum ta dushe, haƙora da idanu kawai ke haske. Fim na yanzu ya gyaru. Amma launinsa zaɓin masana'anta ne, kamar yadda launin JPEG zaɓin injiniyoyin Canon ko Sony ne. Kuma mafi yawan hotunan fim da kake gani a intanet an bi da su ta sikana, wani ya zauna ya daidaita launinsu. Abin da ke burge ka rabinsa fim ne, rabinsa hannun mai sikanin.

Da rana ta faɗi kuwa babu gasa. Ƙarfin jin hasken fim, wato lambar ISO, a jikin naɗin yake: in ka sa mai 200 da safe, da shi za ka shiga zauren walima da dare sai ya ƙare. Dijital tana canzawa daga 100 zuwa 6400 tsakanin hoto da hoto, ta fitar da fuskar amarya a ƙarƙashin ƙwan fitila biyu. Haka wajen gudu. A Hawan Daushe, lokacin da mahaya suka sako dawakai, mai dijital yana ɗaukar hoto da yawa cikin daƙiƙa ɗaya ya zaɓi wanda ƙafafun doki suka tashi. Mai tsohuwar kyamarar fim yana ja da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, in 36 ɗinsa suka ƙare ya tsaya canza naɗi cikin ƙura. Ga kuma halin abokan ciniki na yau: kafin a watse daga wurin biki masu hoto sun buga sun baza a ƙofa, dangin amarya kuma suna jiran nasu a WhatsApp kafin su kwanta.

Maganar megafiksal ba ta cancanci dogon zance ba. Hoto mai inci 8 da 12 a bugu mai kyau bai kai ya buƙaci megafiksal 9 ba. Duk kyamarar da ke da 16 ko 24 ta wadatar, fim mai milimita 35 shi ma ya wadatar.

Zafi da ƙura da wuta kowacce da inda suke cizonta. Fim ba ya son zafi. Kodak na ba da shawarar a ajiye fim ɗinsa na ƙwararru a digiri 13 ko ƙasa, mu kuwa muna ganin sama da 40 a bazara, ga firij da sai an kawo wuta. Naɗin da ya wuni a cikin mota launinsa na iya juyewa. In daga waje za a taho maka da shi, sababbin injinan binciken kaya na CT a filayen jirgi suna lalata shi, sai an roƙa a duba da hannu. Ita dijital ƙura ce abokiyar gabarta. Duk sanda ka cire gilashi a hunturu wata na iya sauka a kan sensa, ta riƙa fitowa a wuri ɗaya cikin kowane hoto har sai an goge, kuma marar madubi ta fi saurin kamawa tunda sensarta a buɗe take. A wajen wuta fim ya yi zarra, amma ba kowace ba. Pentax K1000 da Nikon FM2 da Olympus OM-1 da ƙarfe da sifirin suke aiki, batirinsu na ma'aunin haske ne kawai, in ya mutu ka ci gaba da ɗauka. Canon AE-1 kuwa in batirinta ya mutu ko motsi ba ta yi. Mai dijital maganinsa batir biyu ko uku na ajiya, wanda ba wani abu ba ne.

Ana yawan cewa fim ya fi koyar da hoto, don yana tilasta maka tunani kafin ka danna. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, wanda ya san kowane danni kuɗi ne yakan duba gefen hoto da bayan mutum. Duk da haka ni ina ganin mai koyo ya fi buƙatar ganin kuskurensa nan take. Ka ɗauka, ya yi duhu, ka buɗe ƙofar gilashi, ka sake, ka ga bambanci: darasin minti ɗaya ke nan. A fim darasin sai bayan mako biyu, lokacin da ka manta lambobin da ka sa. Mai son horon fim yana iya samunsa kyauta: ya mai da dijital ɗinsa kan M, inda shi ke saita komai da hannu, ya kashe allon baya, ya yanke wa kansa hoto 36 a fita ɗaya.

Saura tambayar da mutane ba sa yi sai an yi rashi: wanne zai kai ga jikoki? Seydou Keïta ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, ya adana dubban nagetif ɗinsa, sai a farkon shekarun 1990 duniya ta san da shi, aka buga manyan hotuna daga waɗannan nagetif ɗin kamar jiya aka ɗauka. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin Venice a 2007 da hotunan da ya ɗauka tun shekarun 1960. J. D. 'Okhai Ojeikere ya bar wa Najeriya kusan hoto dubu na kitson mata, Philippe Koudjina ya bar wa Yamai hotunan rayuwarta ta bayan samun 'yanci. Nagetif baƙi da fari da aka wanke da kyau ba ya buƙatar wuta ko manhaja, ka ɗaga shi a haske ka gani. Amma waɗannan mutane masu adana ne. A gidaje nawa nagetif ya tsira daga gara da yoyon damina da zafin rufin kwano? Mai launi ma da kansa yake koɗewa. Dijital ba ta koɗewa, kuma kwafinta daidai yake da asali, sai dai mutuwarta farat ɗaya ce: kati ya ƙi buɗewa, a sace waya, a manta kalmar sirri. Wanda ke ajiye kwafi a wuri biyu ko uku, ɗaya a wajen gida, yana kuma buga muhimman a takarda, dijital ta fi masa aminci. Wanda ya san halinsa na sakaci ne, nagetif a cikin ambulan ya fi haƙuri da shi. Kwafin da ya bi ta WhatsApp kuwa an matse shi, kada a ɗauke shi ajiya.

Kafin duk wannan, tambayi kanka ko wayarka ba ta isa ba. Ga hoton yara da na kayan sayarwa da rana, waya mai kyau ta fi ƙaramar kyamarar dijital ta da. Abin da kyamara ta fi ta shi ne girman sensa da damar canza gilashi, wato jawo abu daga nesa, raba mutum da bayansa, da aikin dare. In ba ka buƙatar ɗaya daga cikin ukun nan, riƙe kuɗinka.

In kana buƙata, ga yadda zan kashe kuɗin. Jikin DSLR na hannu daga Canon ko Nikon, don su ne gilasansu da batirinsu da masu gyaransu suka fi yawa a kasuwanninmu, sannan gilashi mai milimita 50 da f/1.8 (lambar f faɗin ƙofar gilashi take nunawa, ƙaramar lamba babbar ƙofa), wanda ba shi da tsada kuma ya fi wanda ake haɗowa da kyamara nesa ba kusa ba. Mai niyyar haɗawa da bidiyo ya fi dacewa da marar madubi. Wajen saye a duba adadin dannin da labulen ya yi, domin DSLR na masu farawa an ƙiyasta musu kimanin 100,000, na ƙwararru ninki uku ko fiye. A ɗauki hoton sararin sama a f/16 a buɗe shi a babban allo, duk ƙurar da ke kan sensa za ta fito. A haska tocila ta cikin gilashin, in an ga zare-zare kamar saƙar gizo, hunhuna ce, a ajiye. Akwai kuma wata hanya mai sauƙi ga mai kwaɗayin ɗanɗana fim: tsofaffin Canon EOS na fim suna karɓar gilasan EF da ake sa wa DSLR, yawancin gilasan Nikon ma suna hawa jikin fim da na DSLR, tunda bakinsu ɗaya tun 1959. Gilasan Canon FD na zamanin AE-1 ne ba sa hawa EOS kai tsaye.

Mai sayen tsohuwar kyamarar fim ya buɗe bayanta a gaban mai shago, ya ɗaga ta wajen haske, ya danna a kowane sauri daga daƙiƙa ɗaya zuwa mafi sauri yana kallo yana saurare. A daƙiƙa ɗaya ya kamata labulen ya buɗe, ya ɗan yi ƙara, ya rufe ba tare da maƙalewa ba. Ya shafa yatsa a kan baƙin soson da ke gefen murfin, in ya manne masa kamar kwalta sai an canza, don ta nan haske ke satar shiga. Ya leƙa gidan batir ko akwai farin gari na tsatsa. OM-1 da wasu tsaranta an yi ma'aunin haskensu ne don batirin makuri da aka daina yi, sai da adafta ko gyara. Ko ma'aunin ya mutu akwai tsohuwar ƙa'ida: a rana tsaka sa f/16, saurin labule kuma ya yi kusa da lambar fim ɗin, wato 1/125 ga mai ISO 100. A yi yarjejeniya da mai shago cewa ciniki bai faɗa ba sai naɗin farko ya dawo daga wanki. Wannan naɗin kada a kai shi bikin kowa. A ɗauki bango da bishiya da kasuwa, a rubuta lambobin kowane hoto a takarda. In hotunan suka dawo da jan zane a gefe, haske na shiga ta baya. In rabin hoto ya yi duhu a manyan saurin, labulen ne ya gaji, kuma gyaransa na iya fin kuɗin kyamarar.